Inda mai son barin giya zai samu abokan tafiya a Accra

Salamu alaikum 'yan'uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan tambayar inda mai son barin giya zai samu abokan tafiya a Accra.

1. Kusan kowa ya ce a fara tambaya a asibitin Pantang ko asibitin masu taɓin hankali na Accra, su nuna inda ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous, ta masu taimakon juna su bar giya) ke zama.

2. Wanda ya daɗe yana shan akpeteshie, wato barasar gargajiya mai ƙarfi ta Ghana, kada ya yanke dare ɗaya. Hannu kan yi rawa, gumi ya keto, har farfaɗiya. Likita tukuna. Wannan ya fi damuna.

3. An rabu kan halartar zaman ƙungiyar idan a coci ake yi. Wasu sun ƙi, wasu sun ce ɗakin kawai ake ara.

4. Mai jin kunyar idon sani a Nima ya je unguwa mai nisa, ɗan'uwa ya raka shi ranar farko.