Tambaya: mene ne haɗin ɗumin teku da daminarmu?

Manomin Gumel:
Assalamu alaikum. Duk shekara idan hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina sai in ji rediyo na ambaton El Nino da La Nina, wai ruwan tekun Fasifik ya ɗumama ko ya yi sanyi. Ni gero da wake nake nomawa, teku kuwa sai dai a waya nake ganinsa. Ta yaya ruwan da ke can gefen ƙasar Feru zai hana ni ruwan shuka? Ba gardama nake ba. So nake in san ko in ci gaba da binne yadda na saba, ko in riƙa jiran maganarsu.

Malamin Jogarafi, Zariya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu bar Fasifik tukuna, mu fara da tekun da ke kusa. Babban tushen laimar da ke zama hadari a wajenku Atilantika ne, ta gaɓar Legas da Akara. Da bazara Sahara kan yi zafi matuƙa, iskar da ke kanta ta tashi sama, sai iska mai laima daga teku ta kwararo ta cike gurbin. Ai ka san lokacin: iska ta juya, gumi ya fara danƙo, dare ya ƙi kwantuwa.

Ƙarfin wannan kwarara ya danganta da tazarar zafi tsakanin tudu da teku. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan mashigin Gini, wato tekun gaɓar Legas da Akara, kan huce, shi ya sa wajen ƙarshen Yuni damina ke tsallakowa arewa da ƙarfinta. Shekarar da ruwan ya ƙi hucewa, hadari a can bakin teku yake haɗuwa ya zube, mu nan sai ragowa. Haka aka yi a 1984.

El Nino kuma ta sama yake zuwa mana. Idan gabashin Fasifik ya ɗumama, zafin kan bazu a saman sararin duk ƙasashe masu zafi, ya zauna kamar murfi a kan tukunya, gajimare ya kasa miƙewa. An ga haka a 1972 da 1982 zuwa 1983. Sai dai ba kowane El Nino ke kawo fari ba, domin Bahar Rum ma tana da hannu: in ta yi ɗumi, laima kan ƙaru a wajenmu.

Manomin Gumel:
Malam, a nan ka ɗaure min kai. Tun ina yaro hadari daga gabas yake tasowa, ban taɓa ganin na kirki ya zo daga kudu ba.

Malamin Jogarafi, Zariya:
Idonka bai yaudare ka ba. Iska hawa biyu ce. Ta ƙasa, mai laimar, daga kudu maso yamma take. A samanta, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai gudu daga gabas, ita ke kora hadarin da ya haɗu zuwa yamma. Ka duba ƙananan gajimare da safe a watan Agusta, za ka ga sun nufi arewa maso gabas, da yamma kuma hadari ya keto daga gabas.

Dattijon Maradi:
Ni na ga 1973, na ga 1984. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya, mahauci ma ba ya tayawa. Abin da aka riƙa faɗa mana a lokacin shi ne laifinmu ne, mun sare itatuwa, awakinmu sun cinye daji. Yanzu kuma yarona kana cewa teku ne?

Malamin Jogarafi, Zariya:
Baba, ranka ya daɗe, maganar da aka faɗa muku tana da tushe a littafi. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasa idan ta zama fili fetal takan rage wa kanta ruwan sama. Amma a 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa shekarun farin sun zo daidai da lokacin da tekunan arewacin duniya suka yi sanyi idan aka gwada su da na kudu. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta tarihin ɗumin teku, ta fito da daminar albarka ta shekarun 1950 da farin da ya biyo baya. Cikin abin da ake ɗora wa alhakin sanyin arewacin Atilantika har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ba awaki suka shanye shi ba. Wannan ba ya rage darajar gawon da kuka raya a gonakin Maradi da Damagaram, don shi ke riƙe ƙasa da danshi.

Malamar Gona, Haɗeja:
Alhaji, kan batun binne: ɗumin teku yana nuna inda daminar yanki ta karkata ne, ba ya faɗar ranar da ruwa zai sauka a gonarka. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, mai hasashen damina a yankin Sahel, ita ma da ƙiyasi take magana. Kuma shekarar ruwa tana da nata ciwon, mu nan mun ɗanɗana ambaliyar 2022. In an yi hasashen jinkiri, raba gonar: binne a jigawa kaɗan, sauran ka jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, ka sa iri mai saurin nuna irin geron SOSAT. Ka kuma nemi shafin hasashen NiMet da ya yi bayanin tsaikon ruwa bayan shuka a ƙaramar hukumarku, don shi ya fi kashe tsiro. Irin da ke hannunka na kwana nawa ne?