Shirun Kawu Phil a Fresh Prince

Abban Walid: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya muka sake kallon wani kashi na 1994 na wasan talabijin ɗin Amurka The Fresh Prince of Bel-Air, inda Lou, mahaifin Will (yaron da ke zaune a gidan Kawu Phil), ya dawo bayan shekara 14, ya yi wa yaron alkawarin za su tafi tare, sannan ya sake zamewa. Will ya tsaya yana ta faɗa, murya na rawa, har ya tambayi me ya sa ubansa ba ya sonsa. Kawu Phil bai ce uffan ba, ya jawo shi ya rungume, har hular Will ta faɗi. Sai ƙanwar matata ta ce wai ga bambanci nan, iyayenmu ba su iya nuna so ba. Na ce mata ƙarfin wurin a shirun nan yake, kuma mun san irinsa. Babana bai taɓa rungume ni ba, amma ranar da na faɗi jarrabawa ya turo mini kwanon tuwonsa har da tsokar da ke ciki, ko kallona bai yi ba.

Hajiya Babba: Ɗana, wane irin kawu kuma? Phil mijin Vivian ne, Vivian kuwa 'yar'uwar mahaifiyar Will ce. Kawu ɗan'uwan uwa ne namiji. Wannan mijin inna ne.

Ɗan Fagge: Haba Hajiya. Yaron da ya baro Philadelphia ya zauna gidan mutum, ya ci nasa ya sha nasa shekara da shekaru, ya tashi da safe ya ce "ina kwana, mijin inna"? A Kano ko abokin babanka kawu ne ko baffa.

Hajiya Babba: Ku Kanawa ne kuka lalata kalmomin. Baffa daban, kawu daban, goggo daban. Bature ne ke haɗa su duka a kalma ɗaya.

Malam na Gombe: Ku daina ja a kan abin aro. Kawu da baffa da goggo duk daga Fulatanci kuka samo su.

Ɗan Fagge: To sai me? Ku zo ku karɓi abinku.

Maman Ihsan: Maganar Hajiya na da amfani fa. Da kawu ne na jini, riƙon ai dolensa ne. Wannan ba abin da ya haɗa su sai aure, amma ya tsaya ya tare Lou ido da ido a kan yaron. Shi ya sa na yi kuka.

Sadauki: Ni tun da suka canza mai fitowa a matsayin Vivian na daina kallo. Janet Hubert ce ta ainihi, ita ta yi zango uku na farko. Daphne Maxwell Reid da ta maye gurbinta ba ta da wannan hararar da ke sa gida ya yi tsit.

Maman Ihsan: Ta biyun ta fi kama da uwa, ka faɗi gaskiya.

Sadauki: Kuma an ce kukan da Will ya yi na gaske ne, don uban Will Smith, wanda ya fito a matsayin Will, ya gudu ya bar shi.

Malam na Gombe: Ba haka ba ne. Iyayensa sun rabu, amma mahaifinsa bai yar da shi ba.

Abban Walid: Don Allah, maganar shiru nake yi. Ba wanda ya ce komai a kan kwanon tuwon.

Ɗan Fagge: Yi haƙuri yaya, sai Hajiya ta janye kalmar "lalata".

Hajiya Babba: Ban janye ba.

Mai kula da zaure: Na rufe nan. Abin da aka tsayar shi ne Phil ba kawu ba ne, Hajiya ta kawo hujja, kuma ni ma a gidanmu ba a kiran mijin inna kawu. Ɗan Fagge bai kawo komai ba sai al'adar unguwarsu. Batun Vivian biyu a buɗe masa zaure daban. Abban Walid, ka gyara kalmar a rubutunka na sama.