Gidan makullin 504: a canza shi ko a yi mata dairek?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Peugeot 504 ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, nakan fito da ita ranar Juma'a ko zuwa ɗaurin aure. Kwana biyun nan sai na yi ta jijjiga makulli kafin ya juya, jiya kuwa a Ƙofar Mata na kusa minti goma ina fama. Wani ya ce sayen gidan makulli ɓarnar kuɗi ne, a yi mata dairek kawai, wato a haɗa wayoyin kai tsaye ba ta gidan makulli ba, a sa suwic da botin na tayar da ita. Haka ne?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ɗana. Shekaru na yi ina jan 504 tsakanin Kano da Zariya, kuma mu da yawa a tasha dairek muke tafiya. Sabon da za ka samu yanzu ba ya kai ko'ina, wata biyu ka ji ƙaurin roba. Motar da aka fara haɗawa a Kakuri tun 1975, ina za ka samo mata na asali?

Mai Rewaya: Kawu, ku yi haƙuri, a nan kam ban bi ku ba. Gidan makullin 504 aiki biyu yake yi. Ta baya yana haɗa wuta, ta gefe kuma akwai harshen ƙarfe da yake shiga sandar sitiyari ya kulle ta idan an zare makulli. Neiman ake ce masa, sunan kamfanin Faransa da yake ƙera shi. Mai yin dairek wayoyi kawai yake kwashewa, harshen yana nan. Da idona na ga motar da aka jawo mana gareji, mai ita ya tayar da botin, lalataccen makullin ya zame a hanya, yana karya kwana sitiyari ya kulle. Allah ya tsare lambatu ya faɗa, ba kan mutane ba.

Kawu Direba: Ai wannan sakacin mai aikin ne. Mu cire harshen muke yi gaba ɗaya.

Baban Amira: To Kawu, in an cire harshe an sa botin, me ya rage ya hana yaro ko ɓarawo tayar da ita? A ƙofar masallaci fa ake ajiye ta.

Kawu Direba: Ɓoye suwic ɗin ake yi a ƙasan kujera. Kuma ɓarawon da ya yi niyya, makullin 504 bai taɓa tsayar da shi ba.

Mai Rewaya: Na yarda da wannan. Amma ga abin da ya fi damuna. Makulli in ka kashe mota zare shi kake yi ka sa a aljihu, wuta ta yanke ke nan. Suwic kuwa mantawa ake yi. Inji ya mutu da kansa, mutum ya fita ya bar shi a kunne, wuta tana ta bi ta kwayil da kontak, masu ba fulogi wuta. Ya dawo ya tarar kwayil ya yi zafin da ba ya taɓuwa, batir ya sauka. Ku da kuke cikinta kullum, Kawu, hannunku ya saba. Wannan sau ɗaya a sati yake hawa.

Malam na Gwammaja: Ni tambayata ɗaya, an tabbatar gidan ne ya lalace? Sau da yawa makullin ne ya side, musamman in an rataya masa tarin makullan gida da na shago. Baban Khalifa, nemi na ajiya ka gwada. Kada ka kai sidadden a yanko maka wani da shi, lalacewar za a kwafo. Kada kuma ka ɗiga baƙin mai a ramin, ƙurar hunturu ce za ta manne ta zama laka. Goga bakin fensir a jikin makullin, ya fi.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, Malam. Na samo na ajiyar a wajen Hajiya. Ya fi shiga da sauƙi, amma in na murɗa ta tashi, ba ya dawowa da kansa sai na dawo da shi.

Mai Rewaya: To sifirin ɗin ciki ya gaji, kuma wannan shi ke ƙona kik, wato na'urar da take murza inji ya tashi, don yana ci gaba da juyawa bayan inji ya tashi. Kada ka jira. Yanzu da makulli yake juyawa aikin ba wuya, a cire kan batir, a murɗa makulli harshen ya koma ciki, a kwance ɗan noti, a danna fil ɗin da ya riƙe shi, ya zaro. Ran da ya ƙi juyawa sam, sai an huda shi da inji, wani lokacin har a ɓata mazauninsa. Ka shiga Ƙofar Ruwa wajen masu yanka tsofaffin motoci ka nemi na asali da makullinsa.

Kawu Direba: Ni dai ban sauka daga kan maganata ba in sabon kwali zai saya. In na yanka ne, to. Amma ka tafi da tsohon a hannu ka gwada wayoyin, ka murɗa shi sau goma a gaban mai shago kafin ka biya.

Baban Khalifa: To Kawu. Oga, ranar Asabar bayan azahar kana gareji?

Mai Rewaya: Ina nan in sha Allah. Ka taho da makullan duka biyu.