Kalori 700 nake ci a rana kuma ina shayarwa, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, tsawona santimita 162, haihuwata ta uku ke nan. Yarinyar watanta biyar, nono zalla take sha, ko ruwa ban fara ba ta ba. Kafin cikin nan kilo 74 nake. Ranar da na kai ta rigakafi na hau sikelin asibiti, sai na ga 88. Na san inda suka fito: jego na yi a gida wajen Mama, kunun kanwa safe da yamma, farfesu, gasasshen nama, ga tuwo.

Bikin ƙanwata saura sati shida, an riga an fitar da anko. Da na je wajen tela ta ja tef a ƙuguna, ta yi shiru, sannan ta ce yadin ba zai ishi irin ɗinkin da sauran 'yan'uwa suka zaɓa ba. A satin ne kuma wata a dangin maigidana ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Ke kam kin zama uwar mata." Na yi dariya a wurin, na dawo gida na yi kuka.

Sai na sauke wata manhaja mai ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, na sa wa kaina 700 a rana. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami. Da rana dafaffen ƙwai biyu da kokwamba. Da dare kabeji da ɗan kifi, wani lokaci tuffa ɗaya. Yau kwana 12. A satin farko na sauke kilo 3, daga nan sikeli ya tsaya cak a 85. Yanzu idan na ɗago daga sujada sai in ga duhu, dole in dafa bango. Ina jin sanyi ana zafi, kaina ba ya daina ciwo, yara na yin abu kaɗan na hau su da faɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kwana uku ke nan yarinyar tana kama nono ta saki ta fashe da kuka. Shin in daure jiki ya saba, ko in rage zuwa 600 tunda sikelin ya tsaya? So nake in koma 74 kafin bikin.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki ajiye wayar nan ki je ki zuba tuwo da miya ki ci tukuna, sai ki dawo a yi magana. Mace mai goyo tana ganin duhu a kan sallaya, wane irin sabo kuma za a jira?

Amaryar Bara: Ni dai na yi irinsa kafin bikina, wajen 800 nake ci har wata biyu, kuma na sauke kilo 10. Satin farko ne da wuya. Ai azumi ma muna yin wata guda ba abin da yake samunmu. Ki haɗa da shayin rage ƙiba da dare, za ki ga tumbin ya faɗa.

Anti Nas: Amarya, ke ba ki da goyo a lokacin, kuma batun azumi ba ɗaya ba ne. Mai azumi tana buɗa-baki, ta ci abinci bayan tarawihi, ta tashi sahur. Yawancinmu abin da muke ci tsakanin magariba da asuba ya kai na rana cikakkiya, ko ma ya fi. Duk da haka shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji tsoron cutuwa a kanta ko a kan ɗanta. Shayin nan kuwa, da yawansu filasko ne a ciki. Gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan inda yake. Kada mai shayarwa ta kusance shi.

Ke kuma ƙanwata mai tambaya, bari in yi miki lissafin da adadin da kika bayar. Mace mai shekarunki da tsawonki da nauyinki, ko da za ta wuni kwance ba ta ɗaga ko tsinke ba, jikinta yana ƙona kusan kalori 1,550, don zuciya ta buga, huhu ya ja numfashi, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda su yi aikinsu. Ki ɗora shara da wanki da girki da bin yara biyu, kin haura 2,000. Haɗa nonon da jaririya ke sha zalla yana cin wajen 500 a kowace rana. Wato buƙatarki tana kusa da 2,500, ke kuma kina ba jikin 700. Ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba.

Kilo 3 ɗin satin farko kuma, kada su ruɗe ki. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori kusan 7,700. Giɓin da kika yi a kwana bakwai bai wuce na kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. Sauran ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa, idan aka daina cin tuwo da shinkafa ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Shi ya sa kowa ke murna a satin farko, a na biyu a ce sikeli ya lalace. Kilo 11 da kike nema a kwana 42 kuwa na nufin giɓin kalori 2,000 kullum. Sai dai ki koma cin 500 har ranar ɗaurin aure, kuma ko hakan kika yi jiki ba zai ba ki kitse zalla ba, zai haɗa da tsokarki ya ci, ya rage yawan abin da yake ƙonawa.

Duk abincin da bai kai kalori 800 a rana ba, a asibiti magani muke ɗaukarsa. Likita ne ke ɗora mutum a kai saboda wata lalura, na ɗan lokaci, galibi ba ya wuce sati 12, ana auna jini ana duba shi. Mai ciki da mai shayarwa ba sa ciki sam. Gobe ki je asibiti a auna hawan jininki da yawan jininki, don wata biyar da haihuwa ƙarancin jini ba abin mamaki ba ne. A ɗora yarinyar ma a sikeli. Ki riƙa ƙirga sau nawa take jiƙa nafkin a wuni da kwana. Idan bai kai shida ba, ko fitsarin ya yi ja, kada ki jira gobe.

Amaryar Bara: Anti, na karɓi gyara a kan goyon, ban yi tunaninsa ba. Amma ni ban ga illa a jikina ba, in ban da gashi da ya yi ta zuba bayan biki, shi ma na ɗauka man shafawa ne.

Anti Nas: Ba mai ba ne. Idan jiki ya sha yunwa, gashi yakan fara zuba bayan wata biyu zuwa uku, lokacin da mutum ya manta da sanadin. Yana dawowa in an koma cin abinci sosai.

'Yar'uwa daga Ingila: Zan ɗan ƙara a kan maganar Anti, don kada wata ta karanta wani wuri ta ce ai Turawa ma suna yi. Gaskiya ne suna yi. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta. Masu ciwon suga nau'i na biyu aka ɗora a kan kalori 825 zuwa 853 a rana na wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara guda kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Hukumar lafiya ta nan, NHS, ta ɗauki tsarin. Surukata ta shiga, a gabana aka yi. Ba ƙwai da kokwamba ba ne. Wani gari ne a leda da ake damawa kamar kunu, da wata miya, an auna musu furotin da bitamin da gishirin jiki daidai. Kafin ta fara likita ya zauna ya sauya mata magunguna, don in ta ci gaba da shan na suga da na hawan jini yadda ta saba a kan wannan ɗan abincin, za ta iya faɗuwa. Bayan sati 12 aka riƙa mayar mata da abinci kaɗan-kaɗan, ana bibiyarta har shekara. Kuma a takardar shiga an rubuta ƙarara cewa mai ciki da mai shayarwa ba za a ɗauke su ba.

Uwargida daga Maraɗi: Ni da jikina na gani. Bayan yaye na matsa wa kaina, ba mai ba nama, na sauke kilo 14 a wata uku. Wata rana na ci waina da miyar taushe a gidan suna, cikin dare ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa har kafaɗa. Na ɗauka olsa ce. Hoto ya nuna tsakuwa a matsarmama. Likitan ya ce saurin ramewa na kawo ta, don idan mutum ba ya cin maiƙo ko kaɗan matsarmama ba ta matsewa ta zubar da ruwanta, sai ya kwanta ya daskare. Aiki aka yi mini aka cire.

Ɗalibar ilimin abinci: Akwai abin da mai tambaya ta faɗa da ba a taɓa ba, wato faɗan da take yi wa yara. Yaya, kada ki zargi kanki da rashin haƙuri, yunwa ce. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, a 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kusan kalori 1,570 a rana, fiye da ninki biyu na abin da kike ci, suna tafiyar ƙasa da aiki. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya dame su, zuciya ta yi kusa, ba su da hira sai ta abinci, har wasu suka koma tara littattafan girki. Da aka sake su su ci, da yawa sun kasa tsayawa, kitsen da suka mayar ya zarce na da. Wannan ne abin da nake jiye miki bayan biki.

Hajiya Babba: Ɗiyata, wata tara kika yi kina tara jikin nan, kina so ki sauke shi a sati shida? Kada garin neman gira a rasa ido. Anko yadi ne, a kasuwa ake sayar da shi. Ki aika a ƙaro yadi biyu, ko ki ce tela ta yi miki bubu, mai goyo ma ya fi mata sauƙin shayarwa a taro. Wadda ta ce kin zama uwar mata kuwa ba ita za ta tashi da daddare da yarinya mai kukan yunwa ba. Ki faɗa wa maigidanki halin da ake ciki, na tabbata bai san kina ganin duhu ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wallahi bai sani ba, ce masa nake na ci a kicin. Na ci tuwo da miyar kuka yanzu kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce. Amma Anti, ƙibar tana damuna da gaske, gwiwoyina suna ciwo. Me zan yi da ba zai taɓa nonon ba?

Anti Nas: Damuwarki tana kan hanya, kilo 85 a tsawonki ya kamata a rage shi, kuma za a rage. Ki tsaya wajen 2,000, kada ki sauka ƙasa da 1,800 muddin kina shayarwa. Rabin kilo a sati ba ya taɓa nono. Zuwa biki kilo 3 ke nan, na kitse na gaske, zuwa yaye kuma kin isa inda kike so. Satin nan sikeli zai ɗan hau saboda ruwan da ya fita zai dawo, kada ki firgita.

Ba sai kin bar abincin gidanku ba. Ki fara da mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Ki riƙa aunawa da cokali. Lemon kwalba mai santilita 50 ya haura 200, ki bar shi, ki rage sukarin shayi da na kunu. Tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ta fi tuwon yawa, kuɓewa ko kuka ko zogale. Kowane ci ya kasance da abin gina jiki: wake, alala, ƙwai, kifi, nono marar suga. Awara da ƙosai ba laifi, sai dai suna shan mai, a yi su jefi-jefi. Ki ajiye ruwa kusa duk lokacin da za ki ba da nono. Bayan la'asar ki goya ta ki taka na minti 30, ko a tsakar gida ne.

Mai tambaya (bayan kwana huɗu): Na je asibiti. Jinina ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini na wata uku, an ce in dawo a sake aunawa. Yarinyar nauyinta bai ragu ba, alhamdu lillahi, amma bai ƙaru yadda ake so ba, za mu koma bayan sati biyu. Tun shekaranjiya take kama nono har ta yi barci a kai. Sikeli ya koma 86. Maigida ya karɓo yadi biyu, gobe zan kai wa tela.