Don Allah a taimaka min da shawara kan Turanci

Ummi: Salam jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema, na gama sakandare tun 2019 kuma Turanci ne ya kayar da ni a WAEC, in ana yi ina ji sarai amma da zarar an ce in ba da amsa sai harshena ya ɗaure kalmomin duk su gudu. Ina so in sake zanawa, ta ina zan fara?

Abban Sadiq: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Nemi Essential Grammar in Use na Raymond Murphy, mai jan bango, kar ki soma da shuɗin, ya fi shi nauyi. Bayani a shafin hagu, aikin gwaji a na dama, ki tabbatar kin sayi mai amsoshi a baya. Darasi ɗaya a rana ya isa.

Malam Garba: Mu Brighter Grammar muka sha, na 1 har na 4, da bulala a gefe. Har gobe go, went, gone na nan daram a kaina.

Maman Hanif: Malam Allah ya ƙara girma, amma ni fa na haddace wannan duka bakina bai buɗe ba, sai da na koma sauraro. Ummi ki riƙa sauke 6 Minute English na BBC, minti shida ne kawai ba ya cin data sosai kuma akwai rubutun hirar, ki ji sau ɗaya ido rufe sannan ki sake ji kina bin rubutun kina maimaitawa da ƙarfi, ni a kicin nake yi ina girki yara na min dariya. In ya miki sauri akwai VOA Learning English, su a hankali suke magana.

Malam Garba: Hakane, ban musa ba.

Isuhu Maraɗi: Ku gode Allah, mu nan Faransanci ke shiga tsakani. Na daɗe ina zaton library wurin sai da littattafai ne saboda abin da librairie take nufi ke nan a Faransanci.

Abban Sadiq: Mu kuma Hausa ce ke bin mu. Mutum zai tashi ya fita ya ce I am coming saboda "ina zuwa" ke ransa, Bature ya tsaya yana kallonsa. Ga kuma p da f, pan da fan duk ɗaya a bakinmu, kuma irin su ake tambaya a Test of Orals, wato ɓangaren furuci na jarrabawar Turancin WAEC. Ki tsaya gaban madubi: p leɓe biyu ke haɗuwa, f kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Maman Hanif: Kalmomi kuma kar ki jera su zalla kamar lissafin cefane, rubuta kowacce cikin jimla. Biyar a rana. Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's yana ba da misalai, kuma a shafinsu na intanet za ki ji yadda ake furtawa kyauta.

Ummi: Kai na gode sosai Allah ya saka. Yaya mai jan bangon nawa yake yanzu?

Abban Sadiq: Rabona da saye an jima.

Maman Hanif: Bar kuɗinki, ina da shi. Hanif ya ɗan yi masa zane da biro a shafukan farko amma ana karantawa, ki turo a karɓa gobe bayan la'asar.