Musayar Waƙa Kan Suwic ɗin Kibod: Shuɗi, Ja Ko Ruwan Ƙasa

Ɗan Barnawa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kibod ɗin da na daɗe ina tara wa kuɗi ya iso Kaduna, ƙirar kamfanin Keychron ne mai suwic shuɗi na kamfanin Gateron (suwic shi ne ɗan abin da ke ƙarƙashin kowane madanni, wanda ke aika harafi idan an danna), kuma na kafa amsa-amo da "ra" domin duk mai amsawa ya bi shi.

Da sunan Ilahi nake farawa,
Kibod na saya, zan yi bayyanawa,
Suwic nasa shuɗi, yana amsawa,
Idan ka taɓa shi, ya ba ka ƙara.

Milimita 4 yake nutsewa,
A rabin hanya harafi ke fitowa,
Ƙas ɗin da ka ji shi ke shaidawa,
Rubutu ya shiga, ba sauran jira.

'Yar Unguwar Rimi:
Allah ya sanya alheri, Yaya. Sai dai ni da nake buga wa ɗalibai takardu tun safe har la'asar a shago guda da mutane, ba zan yi shiru a yaudari jama'a ba.

Yaya, barka, Allah ya sa albarka,
Amma ka tausaya wa maƙwabtanka,
Injin markaɗe ka kai ɗakinka,
Jariri ya farka, za a kai ƙara.

Ja nake so, shi ba ya tsiwa,
Giram 45 ya ishe shi motsawa,
Ba tudu a hanya, sumul yake saukowa,
Na wuni ina bugu, hannu ba ya son gyara.

Ɗan Barnawa:
Ƙanwata, jan nan na 'yan gem ne,
Ki ɗora yatsa, harafi a zube ne,
Kurakuran takardunki shaida ne,
Ɗalibi ya biya, ya koma gida gyara.

Baba na Tudun Wada:
Ku yi haƙuri da jinkirina, ba a kawo mana wuta ba sai bayan isha'i. Na karanta abin da kuka rubuta, na kuma ga cewa dukanku ba ku san asalin abin da kuke musu a kansa ba.

Yara, kuna jayayya kan abin jiya,
A 1985 Model M na IBM ya zo duniya,
Sifirin cikinsa kan tanƙware ya faɗi gaskiya,
Nawa na aiki har yau, naku na jiran shara.

Ɗan Rigasa:
Madalla da Baba! Wanda bai taɓa ɗaga kibod ɗin Model M ya ji nauyin farantin ƙarfen da ke cikinsa ba, bai kamata ya sa baki a zancen manya ba, kuma har yanzu kamfanin Unicomp yana ƙera irinsa a Amurka saboda masu nema ba su ƙare ba.

Baba ka faɗa, ba mai musawa,
Ni SSD na saya mai saurin buɗewa,
RAM gigabait 16 na yi ƙarawa,
Kuɗin kibod kuwa sai an sake tara.

Mai Awon Baiti na Malali:
Baba, Allah ya gafarta Malam, ba rashin kunya nake nufi ba, amma ɗango na biyu na baitinka ya karye. Idan aka karanta 1985 da baki, gaɓoɓinta 14, alhali ɗangonka na farko gaba ɗayansa gaɓa 12 ne, ga kuma sunan kamfani da na kibod an ɗora a kai. Ɗan Barnawa ya fara da karin mutaƙarab ya watsar da shi tun a baiti na biyu. Shi kuwa Ɗan Rigasa, "na yi ƙarawa" ba maganar Bahaushe ba ce, amsa-amo ne ya shaƙe shi ya faɗi haka, kuma yabon da ya yi wa Baba bai gyara masa baitin ba.

Ɗan Rigasa:
Ka bar Baba, ka zo kaina. Amma me ya sa ba ka taɓa baitocin 'Yar Unguwar Rimi ba, ko ita giram 45 ɗinta ba ya da gaɓoɓi?

Baba na Tudun Wada:
Ɗana, ka ƙirga gaɓa ka bar ma'ana,
Ba na rage shekara don awon baitina,
Kawo naka baitin mu gan shi da rana,
Mai gyaran waƙar wasu, tasa muke jira.

Mai Awon Baiti na Malali:
To, Malam, ga nawa, kuma kowa yana da damar aunawa.

Ruwan ƙasa ni dai nake dannawa,
Yana da tudu, amma ba ya tsawa,
Tsakanin ja da shuɗi yake tsayawa,
Ofis lafiya lau, gida ba ƙara.

'Yar Unguwar Rimi:
Malam, zaɓinka na mai tsoro ne,
Ruwan ƙasa jan da ya sha rairayi ne,
Tudun da kake faɗa a baki kawai ne,
Yatsa ya nema, ya gaji da jira.

Mai Dalma na Kasuwar Gumi:
Tun da an ambaci rairayi, bari mai gyara ya yi magana, domin duk kibod ɗin da kuke alfahari da shi teburina ne ƙarshensa. Launukan nan uku tsatso ɗaya ne, wato Cherry MX da aka fara ƙerawa a Jamus a farkon shekarun 1980, ja kuma shi ne ƙaninsu, tun da sai a 2008 ya fito. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin nasu da kara iri ɗaya mai siffar alamar tarawa, shi ya sa murfin madannin wannan yake shiga kan wancan. Abin da ke kashe suwic a garin nan ƙurar hunturu ce, wadda kan kwanta a kan ƙarafunan da ke haɗuwa a ciki, sai mutum ya danna sau ɗaya harafi ya fito biyu, ko ma ya ƙi fitowa. Kada kuma Ɗan Barnawa ya ji ana yabon maiƙon Krytox ya shafa wa shuɗinsa, domin zai kashe masa ƙas ɗin da ya biya kuɗi dominsa. Ja ne yake amfana da shi.

Kafin ka saya, ka tambayi mai kaya,
Suwic na cirewa ne, ko dalma ta tsaya?
Na cirewa, ka zare shi ba wata wuya,
Na dalma, sai ka zo shagona mu hura.

Ku rufe da ƙyalle idan kun tashi,
Ku bi da buroshi ku kakkaɓe shi,
Shuɗi, ja, ruwan ƙasa, duk mai shi,
Sarkinsu a Kaduna dai ita ce ƙura.

Ɗan Barnawa:
Nawa na cirewa ne, Oga, ban kuma sauya ra'ayi ba. Ranar Asabar zan kawo shi shagonka, 'Yar Unguwar Rimi ta zo da janta, mu zare layin tsakiya mu jera launukan uku, kowa ya danna idonsa a rufe.

Mai Awon Baiti na Malali:
Zan zo da nawa. Kafin nan Mai Dalma ya duba baitinsa na biyu, domin ya rufe ɗango biyu a jere da "shi", kuma maimaita kalma ɗaya ba amsa-amo ba ne.