Hilux mai injin Lexus tana tsalle a baya: laifin shoka ne ko na rage nauyi?

Mai Farar Hilux, Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Hilux ce ta 1994, gumara ɗaya (mai kujerun gaba kawai), mai ja da tayoyin baya. An cire mata injinta 22R an ɗora injin 1UZ na Lexus LS400 da giyarsa, daga tashlih ɗin Briman, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Na kai ta wata warsha (garejin gyara) a Sana'iyya don a sauke bayanta a rage mata nauyi. Suka zare ganye biyu a kowane sifirin, suka sa bulo na inci 3 tsakanin aksul da sifirin, suka canza shoka, suka cire safaya da ƙofar hod (akwatin kaya na baya) da bambar baya. Yanzu da na ba ta wuta daga tsaye sai bayan ya hau tsalle, dam dam dam, har giya tana bugun ƙasan bodi. Ni na tabbata shokar jabu suka sa mini a kuɗin ta wakala, wato ta asali daga dilan kamfani. Rage nauyi ba ya ɓata mota, duk kilo ɗin da ya fita riba ne. Ta yaya zan gane shoka ta jabu in je in karɓi haƙƙina?

Usta Mai Sifirin: Wa alaikumus salam. Ƙanina, tsaya a nan inda ka ce "nauyi". Wane nauyi? Ganyen sifirin ba kaya ba ne da mota ke ɗauka, shi ne yake riƙe da aksul. Idan ka ba ta wuta, tayoyi suna juyawa gaba, gidan aksul kuma yana son juyawa baya, sai hancin dif ya ɗaga sama. Abin da ke hana shi sifirin ne kawai. Da ya yi laushi sai rabinsa na gaba ya lanƙwashe kamar maciji, taya ta kuɓuce, sifirin ya dawo da ƙarfi, taya ta sake kama kwalta, ya sake lanƙwashewa. Tsallen ke nan. 22R bai fi doki ɗari da 'yan kai ba, 1UZ na farko doki 250 ne. Ka ninka ƙarfi fiye da biyu, ka kuma zare abin da ke tare shi. Bulon inci 3 ya ƙara nisa tsakanin aksul da sifirin, wato ka ba aksul dogon hannu da zai murɗe shi.

Ɗan Shara Mansur: Usta, ban yarda ba. Ganye nauyi ne mana, kuma mafi muni. Akwai nauyin da ke bisa sifirin, akwai wanda ke ƙarƙashinsa yana hawa da sauka tare da taya: aksul, birki, wili, da kusan rabin sifirin ɗin kansa. Wannan na biyun shi ya fi wahalar da shoka. Duk wanda ya rage shi ya yi daidai.

Usta Mai Sifirin: Ɗora ganye ɗaya a sikeli ka gaya mana. Huɗun da suka zare in sun kai kilo 15 sun yi ƙoƙari, kuma kai da bakinka ka ce rabi ake ƙirgawa. Aksul ɗin da tayoyinsa ya haura kilo 100. A kan kilo 7 za a karya furofela?

Ɗan Shara Mansur: Kilo 7 ma nauyi ne. Ni kalmar nake gyarawa, ka ce ba nauyi ba ne.

Baba Mai Walda: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Nauyi ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, a ina yake zaune? Motar ɗaukar kaya in babu kaya gabanta ya riga ya rinjayi bayanta. Safaya, ƙofar hod, bamba, duk a bayan aksul suke. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 260 ne, ka cire kilo 20 da ke santimita 80 a bayan aksul: tayoyin baya sun rasa kilo 26, na gaba sun ƙaru da 6. Ka lissafa haka sau uku. Ka cire wa tayoyin da ke tura mota abin da ke danna su ƙasa, sannan kana mamakin sun ƙi kamawa. Je ma'aunin manyan motoci, ka ɗora tayoyin gaba kawai, sannan na baya kawai, tanki a rabi, kai kana ciki. Kafin nan duk zance ne. Kuma ka tuna litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, lita 60 wajen kilo 45 ke nan, ya fi duk abin da aka zare a sifirin.

Na GMC: Tun farko kuskuren a injin yake. Da injin 5.3 na Chevrolet Tahoe ya ɗora, da ƙarfin ja tun daga ƙasa ya ishe shi, kayan gyara kuma a ko'ina.

Ɗan Shara Mansur: Ana maganar rage nauyi ka kawo 5.3? Wanda ya cika tashlih bulok ɗinsa zubin ƙarfe ne, ya fi irinsa na alminiyam da wajen kilo 40. 1UZ bulok da kai duk alminiyam ne.

Na GMC: Alminiyam amma kam huɗu, kai biyu masu faɗi kamar faranti. Auna faɗinsa ka gani in bai fi LS (dangin injin 5.3 ɗin) cin wuri ba. Lita 4 ne fa kawai. LS kam ɗaya ne a tsakiya, ƙarami a jiki, babba a ciki.

Ɗan Shara Mansur: Toyota a cikin Toyota. Mu ba ma haɗa jini.

Na GMC: To ku ci gaba da canza bel ɗin tayimin, mu sarƙa gare mu.

Mai Farar Hilux, Jidda: Don Allah injin ya riga ya zauna, ba a kansa nake ba. Shokar nake tambaya.

Injiniya na Dammam: Shoka ba za ta gyara abin da aka gina a karkace ba, kuma sifirin ganye ma lokacinsa ya wuce a irin wannan aiki. A yanke shi a sa sanduna huɗu da sifirin naɗi mai shoka a ciki. Sanduna su riƙe aksul kada ya murɗa, sifirin ya ɗauki mota kawai, kowa da aikinsa. In sandunan a miƙe suke sai an ƙara sandar gicciye da ke hana aksul zuwa hagu da dama; a yi ta doguwa kuma a kwance daidai lokacin da mota ke tsaye. Mai santimita 90, in aksul ya hau santimita 7.5, milimita 3 kawai za ta ja shi gefe. Gajeriya ko karkatacciya kuwa za ka ji bayan mota yana rawa a kowane tudu. Ƙarfin sifirin ma lissafi ne: in kusurwa ɗaya tana ɗauke da kilo 250, kana son ta yi lilo sau ɗaya da rabi a daƙiƙa, kilo 2.3 a kowace milimita kake nema a taya. In shokar ta karkata digiri 20, raba da 0.88.

Baba Mai Walda: Injiniya, a takarda ya yi kyau. Wa zai yi waldar? Mariƙan nan ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa 6 suke so. Gidan aksul in aka zuba masa wuta a gefe ɗaya ba hutawa sai ya lanƙwashe, daga nan boris ya riƙa mutuwa, sil ya riƙa zubar da mai a kan birki. Ana yin ta kaɗan-kaɗan, nan da can, ana barin ta huce. Kuma shasin da aka yanke aka yi wa walda, me za ka ce wa masu fahas (binciken lafiyar mota)? Canjin injin kansa sai da izinin murur ('yan sandan hanya), balle wannan.

Injiniya na Dammam: Rashin gwanin walda ba laifin tsarin ba ne, Baba.

Usta Mai Sifirin: Ba sai an yanka komai ba. A mayar da ganyen. In dole sai ta sauka, a rage bulo zuwa inci 2 ko a kai sifirin a rage masa lanƙwasa. A ɗaure rabin ganyen na gaba da maɗauri biyu, a bar na baya ya yi aikinsa. A sa sandar riƙe aksul, daga ƙasan faranti zuwa kusa da idon sifirin na gaba, tsawonta ya yi daidai da rabin sifirin don kada su yi faɗa da juna. Yubol sabo, ba a maimaita tsoho domin ya riga ya miƙe. A ɗaure a gicciye, a sake bi bayan 'yan kwanaki. A duba sentabol ya zauna cikin ramin bulo, in ya gutsure aksul zai zame gefe ɗaya mota ta riƙa tafiya a kaikaice. Sannan kwanar furofela: ɗora ma'aunin digiri, ko na waya, a bayan giya, a jikin furofela, da fuskar dif. Kowane kuros ya yi aiki tsakanin digiri 1 zuwa 3, na gaba da na baya su zo kusan ɗaya lokacin da mota ke ja. Da yake hancin dif yana ɗagawa, a sunkuyar da shi kaɗan da weji na ƙarfe. Na alminiyam yana tsagewa.

Kawu Direban Ɗa'if: Duk kun manta da abin da zai kashe mutum. Toyota ta sa wa waɗannan motocin bawul a shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. In hod ya sauka, bawul ya ɗauka an loda kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Kun sauke ta inci 3 da ɗoriya, bawul yana ganin lodi ne, alhali kun ma kwashe abin da ke bayan. Taka birki da ƙarfi a gangaren Hada na hanyar Ɗa'if, tayoyin baya ne za su fara kullewa, bayan mota ya zagayo gaba. A saukar da mariƙin sandar a aksul daidai gwargwadon saukar da aka yi, a gwada a fili babu kowa.

Na GMC: Kawu, wanda ya cire safaya ya sa V8 a Hilux ai zagayowar yake nema. Tafhiɗ ne kawai, wasan zamiya da mota.

Mai Farar Hilux, Jidda: Ka ji tsoron Allah. Ina ka gan ni ina tafhiɗ? Riyal 20,000 ne tarar farko da tsare mota kwana 15, ina da iyali.

Ɗan Shara Mansur: Kada ka kula shi. In kana son rage nauyi na gaskiya, daga gaba za ka fara. Batir kilo 15 zuwa 20 ne, mayar da shi hod ta dama a akwati mai murfi, waya mai kaurin milimita 35 zuwa 50 murabba'i, fis kusa da kan batir. Fankar injin a koma ta lantarki. A cire kwamfireso da duk kayan AC.

Baba Mai Walda: AC? A Jidda? A watan Agusta? Kwamfireson bai kai kilo 10 ba.

Ɗan Shara Mansur: Kilo kilo ake tara buhu.

Baba Mai Walda: Ɗazu kilo 7, yanzu kilo 10. Kai dai ba ka zama a cikin motar.

Usta Mai Sifirin: To jama'a, bari in tattara tunda ni na fara amsawa. An yi ittifaƙi cewa zare ganye shi ne asalin cutar, kuma sifirin ganye ya ishi wannan injin in an sa masa sanda. Maganar sanduna huɗu Baba ya riga ya rushe ta, ba wanda ya goyi bayanta. Ɗan Shara Mansur ya sauko ya yarda nauyin a gaba ake rage shi. A mayar da safaya wurinta, a gyara bawul ɗin Kawu kafin motar ta sake hawa hanyar Haramain.

Injiniya na Dammam: Ba a rushe komai ba, walda kawai aka yi magana a kai.

Ɗan Shara Mansur: Ni ban sauko ba, Usta. Ganye nauyi ne.

Mai Farar Hilux, Jidda: Na gode, zan mayar da ganyen gobe in sha Allah. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini yadda ake gane shokar.

Kawu Direban Ɗa'if: Kwance ta, ka tsayar da ita a miƙe, ka danna ka ja da hannu sau biyar. Ta riƙe ka tun daga farkon ja har ƙarshe ba tare da wani gurbi mai sako-sako ba, kuma ja ya fi dannawa tauri. Duba lambar jikinta da ta kwali da ta rasit. Sannan ka auna tsawonta a matse: in ta mota mai tsayin asali ce, a motar da aka sauke tana iya ƙurewa da wuri, ko ta wakala ce.